Tayar Gaba da Tayar Baya: Abin da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

  

Yau maganar taya za mu yi, tayar mota. Na san wata tana can bakin murhu za ta ce, "Yau kuma! Me ya haɗa mu da taya? Ai wannan zancen direbobi ne da masu faci." To 'yar uwa, ki je tasha ranar kasuwa ki ƙirga waɗanda ke cikin mota. Ki dubi motocin rakiyar amarya, da na zuwa suna, da na gaisuwar rasuwa, da na masu zuwa ziyara hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu. Su wa suka fi yawa a ciki? Mu ne da 'ya'yanmu. Ga kuma 'yan uwanmu malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ma'aikatan Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, waɗanda da yawansu su ke tuƙa kansu, su ke biyan kuɗin taya daga albashinsu. Wanda ransa ke kan abu kuwa ya kamata ya san yadda abin yake.

Abin da ya faru da mu

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Wata damina cikin watan Agusta aka yi bikin 'yar ƙanwata a Kalgo, aka ɗauki amarya za a kai ta Gwandu. Ni ina cikin motar ƙanena, mu shida har da yara biyu, but cike da kayan gara. Satin bikin ya sayi sababbin tayoyi biyu dal, ya sa aka ɗaura masa a gaba, yana ta murna ya kimtsa mota.

Mun wuce Jega mun nufi Aliero sai ruwa ya sauko. Wallahi ba gudu yake yi ba, ni shaida ce. Muna shiga wata kwana sai na ji kamar an kama gindin motar an ja shi gefe. Kafin mu gama salati motar ta juya, fuskarmu ta koma inda muka fito, muka zame muka faɗa cikin gonar gero. Allah ya taƙaita, babu motar da ke tahowa a lokacin. Gwaggonmu ce kawai ta samu tsagewar ƙashi a hannu, sai ga mu da kayan biki a gidan masu ɗori a Aliero.

Washegari wani dattijo mai faci ya zagaya motar, ya durƙusa ya duba tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa ƙanena, "Alhaji, tayoyin nan naka huɗu, gida uku suka fito." Na gaba sababbi ne, iri ɗaya. Ta baya ta dama 'yar Beljiyam ce, irin wadda ake yi domin ƙasashen ƙanƙara. Ta baya ta hagu kuwa girmanta ma daban, ta suɗe, kuma shekararta tara da ƙerawa. Ƙanena ya kashe kuɗi da kyakkyawar niyya, amma ya ƙarfafa gaban motar ya bar bayanta ba abin riƙo. Tun daga ranar na shiga tambaya da karance-karance, abin da na samo shi na kawo muku yau.

Aikin gaba daban, aikin baya daban

Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi faɗin tafin hannunki ba. Tafin hannu huɗu ke nan ke ɗauke da mota da mutanen cikinta da kayansu. Birki da sitiyari da inji duk ta wannan ɗan wuri suke isar da aikinsu ga titi.

Tayoyin gaba su ke nuna wa mota inda za ta bi. Tayoyin baya su ke riƙe ta ta tsaya a kan layin da aka nuna mata. Idan na gaba suka zame a kwana, motar sai ta ƙi karyawa ta nemi miƙewa. Direba zai ji haka nan take a hannunsa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, kuma da ya ɗaga ƙafa daga totur gudu ya ragu, galibi sai tayoyin su sake kama titi. Idan kuwa na baya ne suka zame, babu wata sanarwa da ke zuwa hannun direba. Gindin mota ne zai zagayo ya nemi wuce gabanta, kuma kafin mutum ya ankara an juya. Ko ƙwararrun direbobi suna shan wuya kafin su tare irin wannan zamewa.

Ku da kuka san lugude kun san zancen. Mata biyu a turmi ɗaya, in hannunsu ya zo daidai, daka sai daɗin ji. In ɗaya ta riƙe taɓarya mai nauyi ɗaya ta riƙe 'yar ƙarama, ɗaya na sauri ɗaya na nawa, to taɓare za su gwabzu, hatsi ya watse. Haka gaba da bayan mota suke. Wanda ya ƙera motar ya auna ta ne a kan cewa tayoyi huɗun za su kama titi da ƙarfi ɗaya, su lanƙwasa iri ɗaya, su kori ruwa iri ɗaya.

Gauraye iri huɗu

Idan aka ce an gauraya tayoyi, ba sunan kamfani kawai ake nufi ba. Bambancin da ke cutarwa iri huɗu ne.

Na farko shi ne girma. A gefen kowace taya akwai rubutu, misali 195/65 R15 91H. Kada rubutun ya ba ki tsoro. Lamba 195 faɗin tayar ne da milimita. Lamba 65 tsawon gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin. Lamba 15 girman ƙarfen da ake ɗaura tayar a kai ne, inci 15. Lamba 91 tana nuna nauyin da tayar za ta iya ɗauka, wato kilo 615. Harafin H kuma iyakar gudun da aka gwada ta a kai ne, kilomita 210 a awa. In T ne 190, in S ne 180. Yanzu ki ɗauki taya mai 195/65 R15 da mai 205/65 R15. A ido kamar ɗaya suke, kuma duk za su hau ƙarfe ɗaya, shi ya sa mai sayarwa zai ce, "Ai duk sha biyar ce." Amma ta biyun ta fi ta farko tsawo da milimita 13. A kowace kilomita ɗaya, ƙaramar za ta juya kusan sau goma fiye da babbar. In suna gefe da gefe, mota za ta riƙa ja ɓangare ɗaya, musamman in an taka birki. Motocin zamani masu birkin ABS kuwa, na'urarsu juyawar kowace taya take ƙirgawa, bambancin girma yana iya rikita mata lissafi. Manyan motoci masu jan ƙafa huɗu su abin ya fi yi wa illa, don yana cin kayan giyarsu a hankali, gyaran kuma ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne ƙira. Harafin R ɗin nan da ke cikin rubutun yana nufin ƙirar radiyal, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. Zarurrukan cikinta sun ratsa ta daga gefe zuwa gefe, sannan aka yi mata ɗamara da wayar ƙarfe a ƙarƙashin zanen. Gefenta na da laushi, fuskarta na kwanciya sosai a titi. Tsohuwar ƙira kuwa zarurrukanta a gicciye suke kamar saƙar tabarma, gefenta da tauri, kuma ba ta kama kwana kamar radiyal. Har yanzu akan gamu da ita a wasu motocin ɗaukar kaya da kekuna masu ƙafa uku. A Ingila doka ta hana a haɗa waɗannan ƙira biyu gefe da gefe, ta kuma hana a sa radiyal a gaba tsohuwar ƙira a baya, saboda dalilin da na faɗa: kada gaba ya fi baya riƙo.

A ƙarƙashin wannan akwai wani gauraye da ya fi shafar mu masu shiga motar haya. Bas irin Hiace tana da tayarta ta musamman, za ki ga harafin C a ƙarshen lambar, misali 195 R15C. Irin wannan guda ɗaya takan ɗauki kilo 900 ko fiye. Idan direba ya ga ta yi tsada ya ɗaura ta ƙaramar mota mai ɗaukar kilo 615 a baya, sannan aka loda mutum goma sha takwas da buhunan albasa ko na shinkafa, kin ga an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Tayar za ta yi zafi, ta yi zafi, har ta fashe.

Na uku shi ne yanayin da aka yi tayar dominsa. A nan ne 'yan Beljiyam ke shigowa. Jiharmu ta Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, kayan Kwatano ba baƙonmu ba ne, ko da yake tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigo da su. Da can ana yin taya a ƙasar nan, amma Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yi a Legas a 2008, sai tayoyin waje, sababbi da na hannu, suka cika kasuwa. To a Turai mutane na da tayar hunturu, wadda suke ɗaurawa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Robarta mai taushi ce ƙwarai don kada ta daskare a ƙanƙara. In sun gama da ita sai ta biyo jirgin ruwa ta iso mana, zanenta da zurfi gwanin sha'awa, mai saye ya ga kamar ya tsinci dami a kala. Mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40, kwalta ta fi haka zafi. Tayar sai ta yi laɓo-laɓo, ta cinye da wuri, birki ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya, a kwana kuma ta riƙa lanƙwasa fiye da 'yan uwanta. Gane ta ba wuya. Ki duba gefenta, za ki ga hoton dutse mai kai uku da wani abu kamar tauraro a cikinsa, sau da yawa tare da haruffan M+S. Fuskarta kuma cike take da ƙananan tsaga-tsaga kamar an yi mata zane da reza.

Na huɗu shi ne tsufa da suɗewa. Ramukan da ke jikin taya magudanan ruwa ne, kamar indararo a soro. In ana ruwa, su ke kwashe ruwan daga ƙarƙashin taya su watsar, don roba ta taɓa kwalta. Sabuwar tayar ƙaramar mota zurfin raminta kusan milimita 8 ne. In ta suɗe, ruwan ba shi da inda zai bi, sai tayar ta hau kansa ta yi ta sulɓi kamar kwalekwale. To ki ɗauka na gaba sababbi ne suna korar ruwa, na baya suɗaɗɗu suna iyo. Direba yana jin sitiyari daram a hannunsa, ya ɗauka komai lafiya, bai san bayan motar ya riga ya rabu da ƙasa ba. Abin da ya same mu ke nan a hanyar Aliero.

Akwai togaciya guda. Wasu motocin, kamar wasu nau'o'in Marsandi da BMW, daga masana'anta aka yi su da tayoyin baya da suka fi na gaba faɗi. Wannan lissafin maƙera ne, kuma a rubuce yake a littafin motar da 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Abin da ke rubuce a nan shi za a bi.

In kuɗin biyu kawai ake da shi

Na san halin da ake ciki. Ba kowane maigida ne zai iya sayen taya huɗu a tashi ɗaya ba, ga kuɗin makaranta ga cefane. Masu yin taya ma sun san da haka, kuma manyansu irin Michelin da Continental shawararsu ɗaya ce: in biyu za a saya, a sayi biyun iri ɗaya, girma ɗaya, zane ɗaya, a ɗaura su a baya. Waɗanda ke bayan, in suna da sauran lafiya, a maido su gaba. Wannan ya shafi motar da injinta ke jan tayoyin gaba, kamar Golf da Corolla da Sharon, ya kuma shafi mai jan na baya kamar Hiace da tsohuwar Fijo 504.

In kin faɗa wa maigida haka, na san amsar da zai ba ki, don ni ma an ba ni ita. Zai ce, "Haba, ai inji a gaba yake, sitiyari a gaba, birki ma gaba ya fi ci. In tayar gaba ta fashe ai an gama." Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Tayoyin gaba sun fi saurin cinyewa a yawancin ƙananan motoci, kuma fashewar tayar gaba abin tsoro ne. Sai ki ce masa, ba wanda ya ce a kai ruɓaɓɓiyar taya gaba. Tayar da ta yi ƙari a gefe, ko ta tsattsage, ko wayarta ta leƙo, ko aka yi mata faci a gefenta, ba ta da wurin zama a mota, gaba ko baya. Ana magana ne a kan tayoyi masu lafiya da wasu suka fi wasu sabunta.

Fashewar tayar baya ma ba ƙaramin abu ba ce. A Amurka cikin watan Agustan 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi daga kasuwa, bayan an ga fuskar tayar tana ɓarewa ana cikin gudu, musamman a motar Ford Explorer. Fiye da mutum 200 suka rasu a waɗannan haɗurra. Yawancin tayoyin da suka ɓare na baya ne, kuma abin ya fi yawa a jihohi masu zafi, an kuma ga irinsa a Saudiyya da Venezuela. Zafi da ƙarancin iska da nauyi suna cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi, ukun nan kuwa duk muna da su a hanyoyinmu.

Idan taya ɗaya ce ta lalace, a nemo irinta sak, a haɗa ta da wadda ta fi sauran lafiya, su biyun su koma baya. Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce, dama da hagu su zama tagwaye. Sai kuma 'yar siririyar safaya da wasu motoci ke zuwa da ita: ta kai mutum wurin mai faci ce kawai, a jikinta an rubuta kada a wuce kilomita 80 a awa. Ba a zuwa Sakkwato da ita.

Shekarun taya da iskarta

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, kamar yadda robar silifas ke bushewa ta tsage in ta daɗe a rana. Ranar haihuwarta na rubuce a gefenta. Ki nemi haruffan DOT, ki bi layin har ƙarshe, za ki ga lambobi huɗu, galibi a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku kika gani, an yi ta tun kafin 2000, wannan sai dai a yanka ta a yi guga ko takalmi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin cewa taya ta gama wa'adinta in ta shekara huɗu da ƙerawa. Wasu masu ƙera motoci sukan ce shida, masu yin taya kuma sukan ce ko yaya take da kyau kada ta wuce goma. A zafi irin namu, gara mu tsaya kusa da ƙaramin adadin.

Don gane suɗewa, ki leƙa cikin ramukan, za ki ga wasu 'yan tudu da aka gitta a ciki. Tsayinsu milimita 1.6 ne. In fuskar taya ta zo daidai da su, ta ƙare. A yi hattara kuma da tayar da aka sake yanka wa rami da wuƙa mai zafi don ta yi kama da sabuwa. Za ki ga bakin ramin ba shi da santsi, wani wurin ma har zare ya fito.

Iska ma gauraye ce in ba a daidaita ta ba. Adadin da ya kamata yana kan waccan takarda ta jikin ƙofar direba, na gaba daban na baya daban, da na lokacin da aka yi lodi. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A auna da geji da safe kafin a yi tafiya, ko da sau ɗaya a wata, da kuma duk ranar da za a yi doguwar tafiya. Bugun taya da ƙafa ko da ƙarfe ba awo ba ne. Kuma kada a rage iska a tsakiyar hanya don an ga taya ta yi zafi, in ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so.

To mu me za mu yi?

Ke mai motar kanki, in kin je sayen taya ki fito daga mota ki tsaya a kan aikin. Ki karanta lambar da bakinki, ki nemi shekarar, ki ce a baya za a ɗaura sababbin. Mai faci zai iya cewa, "Hajiya, ai ba haka ake yi ba." Ki ce masa, "Na sani Malam, amma haka nake so." Kuɗinki ne, kuma ke za ki hau.

Ke da motar ta maigida ce, kin san lokacin da ake faɗa masa magana ya ji. Ba a gaban abokansa ba, ba kuma yana ƙoƙarin fita ba. Bayan ya ci abinci ya huta, ki ce, "Maigida, yau na ji wani abu a rediyo kan tayar mota, don Allah gobe mu duba tamu." In akwai ɗan makaranta a gidan, a ba shi takarda ya kwafo lambobin tayoyi huɗun a gwada. Minti biyar ya isa. In kuma kina da ɗan abin adashi, taimaka masa a cika kuɗin taya ta biyu ya fi a sayo ɗaya a haɗa ta da bare.

Ku kuma iyayen biki, ku ke haɗa kuɗin motar rakiya, don haka kuna da bakin magana. Yadda kuke bincika akwatunan lefe ɗaya bayan ɗaya, ku sa wani namiji mai hankali, ko ɗaya daga cikinku, ya zagaya motar kafin a biya. A rage lodi, a bar wasu kayan su biyo wata motar. A tashi da wuri don kada dare da hadari su haɗu a hanya. A tasha ma, in kin ga tayar baya ta yi sumul kamar bayan ƙwarya, ko ta yi ƙari, ba dole sai kin yi faɗa da kowa ba. Ki ce kin fasa, ki jira ta gaba. Awa ɗaya a tasha ta fi wata uku a kwance.

In kuma Allah ya kawo tsautsayi taya ta fashe ana cikin tafiya, abin da ake so ga direba shi ne ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ya danna birki da ƙarfi, ya sassauta totur a hankali har mota ta rage gudu, sannan ya gangara gefe. Mu fasinja taimakonmu shi ne mu yi salati a hankali, kada mu kama hannunsa ko mu cika masa kunne da "Taka birki! Taka birki!" Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kyauta ce, kowa ta adana ta a wayarta.

Wata za ta ce, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah ba ya hana ɗaukar mataki. Muna rufe rijiya saboda yara, muna kashe murhu kafin mu kwanta. Duba taya ma cikin wannan sahun yake. Gwaggonmu ta warke, amma har yau in sanyi ya shigo hannun yakan tuna mata da wannan kwanar, kuma ba ta shiga mota sai ta zagaya bayanta ta leƙa. Jikokinta suna yi mata dariya, ita kuwa ko a jikinta.

A nan za mu dakata. Wadda ta duba tayoyin gidansu ta ga wani abin da ba ta gane ba, ta kwafo lambobin ta aiko mana, za mu karanta mu yi bayani a fili na gaba. Allah ya tsare mu da iyalanmu a hanyoyinmu, ya kai matafiya gida lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.